Tsutsar Zuciya da Mutuwar Fuju'a a Kyanwa: Abin da Mai Kiwon Mage Zai Yi Daki-daki

Kyanwa ta ci abincinta da magariba, ta yi tsalle-tsallenta a tsakar gida, ta hau katanga ta sauko. Da asuba a tarar da ita a sanƙare a bayan randa, ba rauni, ba jini. A unguwanninmu ba a ɓata lokaci wajen yanke hukunci: wani ne ya sa mata shinkafar ɓera. Sau da yawa hakan ne kuwa, na ma san maƙwabtan da suka daina gaisawa a kan irin wannan. Sai dai ba guba kaɗai ke kashe mage farat ɗaya ba. Akwai ciwon da ke sa naman zuciya ya yi kauri, akwai gudan jini da ke toshe babbar jijiya, akwai kuma wata tsutsa da sauro ke kawowa, wadda ƙwaya ɗaya tak ta isa ta kai ƙosasshen muzuru ƙasa cikin 'yan mintuna. A kanta zan tsaya.

Likitoci na kiranta Dirofilaria immitis. Wani masani a Filadelfiya ta Amurka, Joseph Leidy, ya yi bayaninta a 1856, kuma 'yar'uwa ce ga tsutsar da ke kawo tundurmi da wadda ake raba ƙwayar Mectizan saboda ita a ƙauyukanmu. Asalin mazauninta jikin kare ne da danginsa na daji, irin su dila. A jikin kare takan girma, macen ta kai tsawon santimita 30, siririya fara kamar taliya, ta zauna a jijiyoyin da ke kai jini huhu da kuma ɓangaren dama na zuciya, ta yi shekara 5 zuwa 7 tana zuba ƙananan 'ya'ya a cikin jini. Sauro ya ciji karen, ya kwashi 'ya'yan. Su yi kamar sati biyu a cikinsa idan gari da ɗumi, sannan ya sauke su a fatar dabbar da ya ciza a gaba. In kyanwa ce ta faɗo a gabansa, ita zai ciza. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Inda cutar ta fi yin suna su ne kudu maso gabashin Amurka, musamman kwarin Misisifi da gaɓar Tekun Meziko, sai kwarin kogin Po a arewacin Italiya, tsibiran Kanari, Jafan, Barazil da Ostireliya. An kuma samu tsutsar a jikin karnuka a Najeriya, ga shi sauron da ke ɗaukarta, har da wanda ke ƙyanƙyasa a kwata da masai, ba baƙo ba ne a gidajenmu. Saboda haka zancen bai yi mana nisa ba.

Dalilin da ya sa ta fi yi wa mage kisan mummuƙe

Wannan ne wurin da ya kamata a fahimta kafin komai, don duk matakan da ke tafe a kansa suka ginu. Jikin kyanwa ba ya karɓar baƙuncin wannan tsutsa. Garkuwar jikinta na kashe mafi yawansu tun suna ƙanana, waɗanda suka tsira kuwa ba su cika wuce 1 zuwa 3 ba, kuma ba sa daɗewa sama da shekara 2 zuwa 3. Kai ka ce sa'a ce. To a nan gizo ke saƙar, domin a jikin mage mutuwar tsutsar ita ce masifar, ba zamanta ba.

Hatsarin na zuwa a zango biyu. Na farko wajen wata 3 zuwa 4 bayan cizon, lokacin da ƙananan tsutsotsin suka iso jijiyoyin huhu. Yawancinsu a nan suke mutuwa, huhu ya kumbura saboda faɗan da jiki ya yi da su, kyanwa ta fara tari da shessheka irin na mai asma. Har likitoci kan ɗauka asma ce. Zango na biyu shi ne ranar da babbar tsutsa ta mutu. Jijiyoyin huhun mage ƙanana ne. Gawar tsutsar ta ruɓe ta toshe hanya, jiki ya mayar da martani mai tsanani, huhu ya cika da ruwa, ƙarfin gudun jini ya yi ƙasa. Wata kyanwar ba ta taɓa yin tari ko sau ɗaya ba kafin wannan rana. Akan kuma samu tsutsar ta ɓata hanya ta faɗa ƙwaƙwalwa, sai a ga makanta ko farfaɗiya ko kewaye wuri ɗaya, abin da ya fi faruwa a mage fiye da kare.

Ga kuma ƙarin takaici. Kare yana da allurar da ke kashe manyan tsutsotsin, melasomin, amma ba a yi wa kyanwa ita: guba ce gare ta, sannan kashe tsutsar da gangan daidai yake da gayyato ranar da ake gudu. Shi ya sa aikin mai kyanwa kusan duka a gaba yake, kafin tsutsa ta isa huhu.

Mataki na farko: maganin kariya na wata-wata

Ka kai ta wurin likitan dabbobi a auna nauyinta, ya zaɓa mata magani. Masu aikin guda huɗu ne aka fi sani. Akwai selamektin, wanda ake sayarwa da sunan Revolution ko Stronghold, da moksidektin da ke cikin Advocate ko Advantage Multi. Waɗannan biyun ɗigawa ake yi a fata. Akwai milbemaisin da ke cikin Milbemax, da ibamektin da aka haɗa musamman don maguna, su kuma ta baki ake bayarwa. Ana iya farawa tun kyanwa na da sati 6 zuwa 9, gwargwadon abin da aka rubuta a kwalin kowanne. Ni dai na fi son na ɗigawa, don duk wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗura wa mage ƙwaya ya san hannunsa ne zai faɗa masa. Sannan na ɗigawar na kashe ƙuma da ƙwarin kunne da wasu tsutsotsin ciki a tafi ɗaya.

Yadda ake ɗigawa: ka buɗe gashin ƙeyarta, can inda harshenta ba ya kaiwa, har sai ka ga fata. Ka ɗora bakin robar a kan fatar, ka matse duka a wuri ɗaya. Kada ka murza, kada ka yi mata wanka ranar. In maguna biyu ne da kai masu lasar juna, ka raba su har wurin ya bushe. Ka wanke hannunka.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne maganin baya yake dubawa. Wanda ka ɗiga yau yana kashe ƙananan tsutsotsin da suka shiga jiki cikin watan da ya wuce, ba katanga yake ginawa ta watan gobe ba. In ka yi ta tsallake watanni, waɗanda suka shiga za su girma su wuce matakin da maganin ke iya musu. Don haka ka ɗaura shi da abin da ba ka mantawa, ranar albashi ko ganin sabon wata. In ka makara, ka bayar da zarar ka tuna, ka kuma gaya wa likita tsawon lokacin da aka yi.

Wani zai ce ai da hunturu sauro ya ɗauke. Gaskiya tsutsar ba ta girma a cikin sauro idan sanyi ya yi ƙasa da digiri 14, amma sanyinmu na dare ne da safiya, rana na ɗagawa gari ya yi ɗumi, kuma sauron kwata ba ya tafiya hutu. Ƙungiyar likitocin tsutsar zuciya ta Amurka, wadda aka kafa a 1974, shawararta ita ce a bayar duk shekara ko a ƙasar da ake ƙanƙara, balle mu. Wani kuma zai ce tawa ba ta fita waje. Sauro ai shi yake shigowa. A Amurka, kusan ɗaya cikin huɗu na magunan da aka samu da cutar 'yan zaman ɗaki ne.

Sai gargaɗi guda biyu da nake so a riƙe da kyau. Na ɗaya, ibamektin ɗin shanu da awaki da ake sayarwa a kasuwa ba na kyanwa ba ne. Kowane mil ɗaya nasa na ɗauke da miligiram 10, alhali abin da mage mai kilo 4 ke buƙata a wata bai kai kashi ɗaya cikin goma na miligiram ɗaya ba. Wato rabonta bai kai ɗigo guda ba, kuma babu mai iya auna wannan da sirinjin gida. In ya yi yawa sai karkarwa, makanta, suma, musamman ga 'yan ƙanana. Na biyu, kada ka taɓa ɗiga mata maganin ƙuma na karnuka. Da yawansu na ɗauke da sinadarin da za ka ga an rubuta permethrin a jikin kwalin, wanda hantar mage ba ta iya sarrafawa. Ko goga jikinta ta yi da karen da aka ɗiga wa yanzu-yanzu tana iya kama jijjiga.

Mataki na biyu: sauro da karnukan unguwa

Wannan ba sai na tsawaita ba, duk mai gudun zazzaɓi ya san shi. A zubar da ruwan da ya kwanta a tsofaffin tayoyi da gwangwanaye da kaskon kaji, a rufe randa da tanki, a yashe kwata, a rufe bakin masai, a sa raga a tagogi. In za ka yi feshi ko ka kunna maganin sauro, ka fitar da kyanwa tukuna, ta dawo bayan iska ta ratsa ɗakin. Fiya-fiya kuwa kada ta kusance shi ko kaɗan. Tana taka wurin da aka yayyafa za ta lashe tafin ƙafarta.

Mage ba ta ɗaukar cutar daga wata mage, kuma ba ta sa wa mutanen gida. Kare ne rumbun. In kana da karen gadi, a yi masa gwaji, sannan a ɗora shi a kan nasa maganin. A kare gwajin dole ne kafin a fara, don jininsa na iya kasancewa cike da 'ya'yan tsutsa, kashe su gaba ɗaya kuma na iya jigata shi.

Mataki na uku: ka san numfashinta tun tana lafiya

Babu na'urar da ta fi wannan araha. Ka jira ta yi barci sosai, ba lokacin da take gurnanin jin daɗi ba, ba kuma bayan ta sha guje-guje ba. Ka kalli haƙarƙarinta: ɗagawa da sauka ɗaya, numfashi ɗaya ke nan. Ka ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Lafiyayyar kyanwa mai barci ba ta cika wuce 30 a minti ba. Ka yi haka sau biyu a sati ka rubuta a waya. In kullum tana 22 ko 24, sai ka wayi gari tana 38, jiya ma haka, to lokacin zuwa asibiti ya yi ko da tana cin abinci.

Sauran alamomin masu saurin shigewa ne. Tari: mage mai tari takan durƙusa, ta miƙe wuya gaba kusa da ƙasa, tana wani kakari kamar za ta amayar da curin gashi amma ba abin da ya fito. Ka ɗauke ta bidiyo, domin ba za ta yi a gaban likita ba, kamar da gangan. Sai amai da ke zuwa lokaci-lokaci ba tare da ya shafi cin abinci ba, wanda alama ce da aka san wannan cuta da ita a maguna. Sai rama a hankali, rashin kuzari, da daina hawa inda ta saba hawa.

Mataki na huɗu: ranar da numfashi ya sarƙe

Kare na lallage harshe don zafi, wannan al'adarsa ce. Mage ba haka take ba. In ka ga tana numfashi da baki a buɗe, ko cikinta na bugawa da ƙarfi, ko dasashinta ya koma fari ko shuɗi-shuɗi, ko ta zube ta kasa tashi, to ba a jira gari ya waye.

Kada ka matse ta a ƙirji, kada ka kwantar da ita rigingine, kada ka ɗura mata ruwa ko madara ko manja. Abin da aka ɗura wa dabbar da ke kokawa da numfashi yana iya faɗawa huhu. Kada ka ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Ka sa ta a kwali ko kwando mai shan iska, ka bar ta ta zauna yadda ta ga dama, ka hana yara yi mata rumfa. Tsoro kansa na ƙarasa mage mai wannan hali. Ka kira likita tun kana hanya don ya shirya. Abin da zai fara yi shi ne ba ta iskar oksijin, da allurar rage kumburi, da mai buɗe hanyoyin iska, ya bar ta ta huce kafin ya shiga bincike. Shi ya sa yake da kyau tun yau ka san inda asibitin dabbobi mafi kusa yake, da lambar wanda zai ɗaga waya da dare.

Mataki na biyar: gwaji, da yadda ake karanta shi

A nan ne ake buƙatar haƙuri, don babu gwaji guda da ke raba gardama. Duba ɗigon jini a madubin likita, wanda ke aiki a kare, kusan ɓata lokaci ne a mage, saboda ba safai 'ya'yan tsutsar ke yawo a jininta ba, in ma sun fito ba sa daɗewa.

Gwajin jini iri biyu ne. Na farko yana neman sinadarin da babbar macen tsutsa ke fitarwa. In ya nuna akwai, to akwai. In ya nuna babu, bai wanke ta ba: wataƙila namiji ne kaɗai a ciki, wataƙila ba su balaga ba tukuna, wanda kan ɗauki wata 6 zuwa 8. Wasu ɗakunan gwaji na ɗumama jinin kafin su auna don ɓoyayyen sinadarin ya bayyana. Na biyu yana neman shaidar cewa garkuwar jiki ta taɓa karo da tsutsar, kuma yana iya gani tun wajen wata 2 bayan cizo. Shi kuma matsalarsa ita ce bai san jiya da yau ba. Mai yiwuwa tsutsar ta daɗe da mutuwa, sawunta ne ya rage. Don haka likitan da ya san aikinsa zai haɗa biyun, ya ƙara da hoton ƙirji don ganin ko jijiyoyin huhu sun faɗaɗa, sannan sikanin zuciya. A sikanin, tsutsar kan fito kamar 'yan gajerun layuka biyu a jere, kuma ganin haka tabbaci ne.

Ba kowane ƙaramin asibiti ke da waɗannan kayan ba. In ana zargin cutar, ka nemi a tura ka asibitin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri.

Mataki na shida: in an tabbatar tana da ita

Dabarar ita ce a lallaɓa kyanwa ta fi tsutsar tsawon rai. A binciken da aka yi a arewacin Italiya kan magunan da aka samu da cutar, kusan huɗu cikin biyar sun rabu da ita da kansu bayan dogon lokaci, sauran kuma suka mutu, wasunsu ba tare da wani gargaɗi ba. Ka ji dai, akwai fata mai ƙarfi, akwai kuma abin da ba a iya ba ka tabbaci a kansa.

In tana tari ko hoton ya nuna huhu ya taɓu, akan ba ta firednisolon, a fara da ɗan yawa a riƙa ragewa cikin kamar wata guda, a maimaita in alamun sun dawo. Kada ka tsayar da shi da kanka don ka ga ta warware. Wasu likitocin na ƙarawa da doksisaikilin saboda wata ƙwayar cuta mai suna Wolbachia da ke zaune cikin tsutsar, wadda ke ƙara rura kumburi. In ƙwaya aka ba ka, ka bi ta da ɗan ruwa ko jiƙaƙƙen abinci, don tana ƙona maƙoshin mage idan ta maƙale. Maganin wata-wata kuwa ci gaba za a yi da shi, kada sababbi su shigo a kan tsofaffi. A sake gwaji da hoto duk wata 6 zuwa 12. A gida, a rage mata abin da zai tayar mata da hankali, a hana ta yawon dare da faɗan muzurai, a nisanta ta da hayaƙin murhu da turaren wuta. Ka tambayi likita ko zai ba ka maganin ko-ta-kwana da za ka ajiye, ya nuna maka yadda ake bayarwa.

Ana iya zaro tsutsar ta jijiyar wuya, amma aiki ne na ƙwararru ƙalilan, kuma in ta tsinke a hanya kyanwar na iya mutuwa nan take.

In ta riga ta mutu

Kafin ka ɗaga murya a kan maƙwabci, ka duba. Kyanwar da ta sha fiya-fiya ko makamancinsa takan bar dalala da amai da zawo, an kuma ga tana karkarwa. Maganin ɓera mai tsinka jini kwanaki yake ɗauka, dasashi ya yi fari. Wadda gudan jini ya toshe wa jijiya takan ja ƙafafun baya a sanyaye tana kuka. Muzurun da fitsari ya toshe wa yakan yi kwana ɗaya ko biyu yana yunƙuri ba abin da ke fita. Waɗannan duk hasashe ne. Buɗe gawa ne kaɗai ke faɗin gaskiya.

Ka sa safar hannu ko leda kafin ka taɓa ta. In kafin mutuwar ta canza hali, ko ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a tafi asibiti ranar, a kuma gaya wa likitan dabbobi, domin mage ma na ɗaukar ciwon haukan kare. In ba haka, ka naɗe gawar a leda biyu, ka sa a kula da ƙanƙara a gefe, ba a firiza ba, don daskarewa na lalata naman da za a duba. A zafinmu awoyi kaɗan sun isa ta fara ruɓewa, saboda haka a kai ta ranar. Ka roƙi likitan ya tsaga jijiyoyin huhu har ƙarshensu, ba zuciya kaɗai ba, don tsutsa ɗaya ko guntunta na iya maƙalewa can ciki a wuce ta ba a gani ba. In an same ta, sauron da ya ciji wannan yana nan a gidan: sauran magunan da karen gadi duk a kai su gwaji cikin satin, a fara musu magani.